Man Zafi a Ƙasan Ido

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mai yi wa 'yan fim kwalliya ta kawo mini rubutun fim ɗinki jiya. Gidana da naki tafiyar mota ɗaya ce, amma sai da kika nemi 'yar aike.

Na karanta shi sau biyu. Kin iya rubutu, ban yi mamaki ba, a kan littattafaina kika koyi karatu. Kowa a labarin yana da suna, har direban da bai ce uffan ba. Ni kuwa "Uwa" kawai. Fitowa bakwai kika ba ni, a shida daga ciki kin rubuta a gefe: tana kuka.

Wannan na saba da shi. Shekara uku ke nan ba a kira ni ba sai don in zauna a kujera in sa albarka. Bara na fito uwar mutumin da ya fito mijina sau goma sha ɗaya, kuma ya girme ni da shekara huɗu. Shi aka shafa masa baƙi a gemu, ni aka barbaɗa mini hoda a gira. Ban yi gardama ba.

Amma uwar da ta bar 'yarta a gadon asibiti ta tafi ɗaukar fim, na gane ta. Na gane tagar da ba ta rufuwa da kujerar roba mai tsagewa. Ki faɗa mini gaskiya, aiki kike ba ni ko sammaci kika aiko?

Ki huta lafiya.
Mahaifiyarki

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙafar taki?

Aiki ne. Darakta wata yake so, ni na dage sai ke. Shi ne matsayi mafi girma da aka rubuta wa mace mai shekarunki a bana, kin sani.

Maganar kuka kuwa, ban ɗauka zai yi miki wuya ba. Ina da shekara bakwai kika tafi da ni wajen aiki. Na ga kin buɗe ɗan gwangwanin man zafi, kin ɗiga a ƙasan ido, hawaye suka zubo, kowa ya yi tsit. Darakta ya ce a yanke, kika yi dariya kika ce a ba ki ruwa.

Bayan shekara biyu na kwanta asibiti. Kwana huɗu Baba da Goggo ne a kaina. Da kika zo kika rungume ni kina kuka, na sa hancina a kuncinki na sansana. Na ji warinsa, Mama. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Baba ya rasu bai sani ba.

A fitowa ta ƙarshe uwar tana neman gafara. Ina so in ji kalmomin daga bakinki, ko da daga takarda kika haddace su.

Allah ya ƙara lafiya.
'Yarki

'Yata,

Na amsa gaisuwarki. Ƙafa da sauƙi. Wasiƙarki ta kwana uku a kan tebur kafin in iya ɗaukar biro.

Hancinki bai yi miki ƙarya ba. Man yana fuskata. Daga gaban kyamara na faɗa mota, ko wanke ido ban yi ba, da zanen aro a jikina. Hawayen da kika gani nawa ne, man kuma na aiki ne, duka a kunci ɗaya. Ba ni da yadda zan raba miki su, kuma ba zan rantse ba. Macen da ta yi shekara talatin tana rantsuwa a gaban fitilar ɗaukar fim, wa zai karɓi tata? Abin da ya ƙona ni shi ne shekara ashirin da biyu kina kallona da wannan a ranki, ina zuba miki shayi, kina cewa na gode.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi a rubutunki. A shafi na sittin kin sa uwar tana cewa don kuɗin maganin 'yarta ta zauna. Wa ya roƙe ki wannan alfarma? Babanki yana da albashinsa, magani bai gagare mu ba. Saƙon ciwonki ya iske ni tun rana ta biyu. Na tsaya a bayan motar kayan aiki na karanta shi, na ninke, na koma aka ci gaba da ɗauka. Shi ne karo na farko da aka ba ni jarumar fim, kuma na san in na tafi, kafin la'asar wata ta sa rigata. Ina son aikin. Ina son sa kamar yadda kike son naki, kike barin ɗanki wajen surukarki sati biyu, ba wanda ya kai ki kotu. Abokin fitowata an haifa masa ɗa a satin da kike kwance bai je ba, aka ce jarumi ne mai riƙon amana.

Kin yi mini uzurin ƙarya don ki iya yafe wa wata mata da ba ni ba.

Zan yi fim ɗin bisa sharaɗi biyu. Ki cire maganar kuɗin magani. Ki cire kukan fitowa ta ƙarshe, ta faɗi abin da ta yi da busasshen ido. In ba haka ba, kin san yadda za a yi: in ce ki yafe mini, mai ɗaukar sauti ya ce babur ya wuce, a sake. In sake faɗa, a ce hoda ta goge. A karo na bakwai ke da kanki za ki ce na uku ya fi kyau.

Ki gaida jikana.
Mahaifiyarki

Mama,

Barka da war haka. Na kai wa darakta sharuɗɗanki, na yi iyakar ƙoƙarina. Ya ce masu kallo ba za su yafe wa uwar da ba ta da uzuri kuma ba ta yi kuka ba, su tashi su bar fim ɗin. Ya riga ya yi magana da waccan da yake so tun farko, ta ce ko gobe a shirye take.

Ya ba ni zuwa Alhamis. In kin yarda da rubutun yadda yake, matsayin naki ne. Mama, ba na jin za a sake rubuta irinsa nan kusa. Ki yi tunani.

Maganar saƙon da kika ninke, ban san da ita ba.

'Yarki

'Yata,

Ina gaishe ki. A ba ta. Ta iya aikinta, za ta yi muku kuka har na baya ya ji.

Nawa neman gafarar kuwa ga shi, sau ɗaya, ba sakewa. Kina da shekara tara, kina kiran sunana, na sani, na zaɓi in zauna. Na zalunce ki kwana uku cikin huɗun nan. Ki yafe mini in kin ga dama. In ba ki ga dama ba, ba zan ce kin yi laifi ba.

Ranar Alhamis ina gida. Sauran ranakun ma yanzu ina gida.

Mahaifiyarki