Kamerar da ta je roƙon ruwa

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya zaman Aljeriya? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka. Inna da yara duk lafiya lau.

Yaya, har yanzu ban dawo daidai ba. Da ka ce in zaɓa tsakanin ƙaramar kamera mai shiga aljihu da wadda ruwa ba ya yi wa komai, dariya na yi, na ce ina ruwan yake a Mallawa? Na zaɓi ƙaramar.

To, gero ya fara bushewa, ran Alhamis muka fita roƙon ruwa bayan gari. Na tafi da ita don in ɗauko maka hoton Inna. Kowa ya sa rigarsa bai-bai yadda aka saba, har ni. Wallahi muna shafa addu'a hadari ya taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya! Na lalubi aljihu, ashe bakinsa ya koma ciki. Ga fili fetal, ko bukka babu. Jama'a na kabbara, kamera na shan ruwa a hannuna.

Mai gyara a Magariya ya ce ta mutu. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Kai da ka je roƙon ruwa, me ka zaci za a ba ka?"

Gero dai ya miƙe. Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Ƙanenka,
Habu