Ankwar da Na Ɗaura a Tsakiyar Gada

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, raɓar da ke farfaɗo da ni in zuciya ta bushe,

Ina rubuto miki daga ofishinmu na bakin iyaka, inda fanka ba ta juya komai sai zafi, manyan motoci kuma sun yi layi har inda ido ya gaza. Tun da kika rufe ƙofar shagon ɗinkinki ina tsaye a waje, abinci ya zama yashi a bakina. Wace shuka ce ke rayuwa in an janye mata ruwa?

Kin tuna ranar da ruwan sama ya koro ni shagonki, maɓallin kakina yana lilo? Kika ɗinke shi rigar tana jikina, kina cewa in daina numfashi kada allura ta soki ɗan sanda a kai ki kotu. Wallahi tun ranar numfashina bai koma daidai ba.

Bari ki ji daga bakina, don a gari kowa da nasa labarin. Mun daɗe muna aiki tare da 'yan sandan ƙasar da ke tsallaken kogi, muna bin sawun masu shigo da bindigogi. Mu muka ba su lambar wata mota, su suka tare ta a ɓangarensu, suka tono makamai ƙarƙashin buhunan albasa. Irin masu shigo da makaman nan ne suka kashe abokin aikina, suka bar matarsa da tsohon ciki. Shugabanmu ya tura ni in karɓo direban a tsakiyar gada, bai ce mini ko wane ne ba. Da suka sauko da shi sai na ga Dogo, yayanki, mutumin da ke tashi ya ba ni kujerarsa in na zo gidanku. Jami'insu ya kwance ankwarsu, ya tsaya jiran in ɗaura tamu. Na ciro ankwar, makullin ya suɓuce mini ya faɗi. Dogo ya miƙo hannuwansa da kansa ya ce, "Ɗaura, ƙanena. Gara kai da wani."

Na ɗaura.

An ce Innarku ba ta tashi daga shimfiɗa ba tun ranar. An ce kin ce ai da na kau da kai. Ina zan kau da shi, haskena, idon ƙasa biyu yana kaina? Ko da babu ido, da wace fuska zan gaida matar abokina? Amma ke, da wace fuska zan gaishe ki? Gaba kura, baya sayaki, ni ga ni a tsakiya ina kiran sunanki kamar tsuntsun da guguwa ta raba da sheƙa.

Ba zan yaudare ki ba. Ranar shari'a zan tsaya in faɗi abin da na gani, ba ragi ba ƙari, na kuma san kina zaune a bayan yayanki kina ji. Ban roƙi ki dube ni ba. Abin da nake roƙo, in kin tashi tsine wa ranar gada, ki tuna mutum biyu aka ɗaure a kanta.

Shekarun da za a yanke masa, ni ma zan yi su ina jiranki. Ba wata mace da za ta ji daga bakina abin da kika ji.

Naki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ƙasa ta rufe idona.