Koramar Bayan Lafani

Illela, Talata

Zuwa ga Yaya Malam Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Tasalla da yara. Na san ka daina ɗaukar wayata, shi ya sa na ba direba takardar nan.

Yaya, yau kwana biyu ɗana Uzairu bai dawo gida ba. Ya ɗauki babur ɗin shago, ya ɗaura jarkokin fetur, ya bi daji zai tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni. Ashe wata uku ke nan yana yi. Duk kasuwa an sani, amma wa zai gaya mini, bayan ranar da ka ja mini kunne a kansa, a gaban jama'a na ce ka riƙe allonka ka bar mini ɗana?

Mi ya rasa? Ni da jarka ɗaya na fara, yau shagona huɗu, ban roƙi kowa ba. Shekararsa sha shida, makaranta kawai na ce ya yi. Wayarsa a kashe, uwarsa ko ruwa ta ƙi sha. A sa mu cikin addu'a.

Ƙanenka,
Mukhtari

Illela, Alhamis

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. An same shi da rai. Manoma suka tsince shi cikin koramar bayan Lafani, ƙafa ta karye, fetur ya saɓule masa baya.

Abokansa sun ce sun hana shi bin nan, ya ƙi. Wai sai ya haye inda babansa ya haye da jarka takwas. Labarin nan ne da nake ba yara kowace Sallah, ana dariya. Ban taɓa gaya musu mu biyu muka shiga koramar ba, abokina Jabir bai fito ba. Kai ka yi masa wankan gawa.

Da yaron ya buɗe ido a asibiti, murmushi ya yi mini. Ya ce, "Baba, bakwai na ɗauko. Saura ɗaya in kamo ka."

Likita ya ce ƙafar za ta ɗoru, shi kuwa har ya fara tambayar babur.

Ka zo, Yaya, don Allah. Zan ba shi labarin daga farko, kana zaune. In na tsallake wani wuri, ka tsayar da ni.

Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙanenka,
Mukhtari