Sun Yi Ƙuri'a a Kan Cikina

Malama, ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta ɗebe ni. Ni kafinta ne, shekara hamsin ina riƙe da zarto. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ne yake rubuta mini wannan, kuma na ja masa kunne kada ya rage ko kalma ɗaya.

Ciwon ƙaba ya dame ni shekara uku. In na ɗaga katako sai ya kumburo a matsematsina, in danna shi ya koma, in ci gaba da aikina. 'Yata ta fari ce ta ishe ni da kuka har na bi ta asibiti. Can wata mai farar riga ta zo da takardu ta yi ta zuba, amma da 'yar tawa kawai take magana, ni kuwa ina zaune kamar kujera. Na dai ji ana ta cewa bincike, na ɗauka na jini ne irin wanda aka saba. Aka ce in dangwala, na dangwala.

Da na farfaɗo bayan tiyata na ɗaga riga, sai huji uku, kowanne ɗan yatsana zai rufe shi. Na gadon kusa da ni, wani tsohon direba, ciwonmu ɗaya, ranarmu ɗaya, shi an yi masa yanka na mutunci da ɗinki reras. Kwana biyu yana tsokanata wai hujin kunne aka yi mini a ciki. Na tambayi dalili, mai jinya ta faɗa mini ko kunya babu, wai na'ura ce ta yi ƙuri'a, shi yanka ya faɗo masa, ni huji. Ƙuri'a, a kan cikin dattijo mai jikoki goma sha ɗaya!

Ni na san aiki. Ƙofar da gara ta ci, ciro ta ake yi a kwantar a ƙasa a ga ɓarnar, ba a gyara ta ta ramin makulli. Wai sun zura kyamara sun shimfiɗa raga a ciki, sai ka ce kifi suka kama. Wa ya gani?

Yanzu kullum waya daga asibiti, wai in zo in nuna wace fuska ce ta yi kama da ciwona a cikin wasu zane-zane. Na daina ɗauka. 'Yar tawa kuwa sati uku ban amsa gaisuwarta ba, don ta san da ƙuri'ar ta yi shiru, ta kuma ɗauke makullin shagona. Tana zuwa ta ajiye kwano ta fita tana share ido. Ni da na goya ta a wuya.

Ba zan yi ƙarya ba, ciwo babu, kumburin ma bai dawo ba. Amma mu in mun gama benci, hawa kansa muke yi mu yi tsalle. Jibi zan ɓalle kwaɗon shago in ɗaga katakon da ya fi kowanne nauyi. In aikinsu na gaske ne, mu gani.

Tsohon kafinta

Baba, kada ka ɗaga katakon nan. Benci in ya karye ka buga wani, amma naman da aka gyara yana buƙatar lokaci kafin ya kama, ko ta yanka aka bi ko ta huji. Likitan da ya yi aikin ne zai faɗa maka ranar komawa shago.

Fushinka yana da tushe. Cikinka ne, kai ya kamata a yi wa bayani da harshen da kake ji, har ka gane wane irin bincike ne kafin ka dangwala. An yi maka ba daidai ba, kuma kana da damar faɗa musu haka ido da ido. In ka so fita daga binciken ma, babu mai hana ka, kuma ba za a daina duba ka ba.

Amma ƙuri'ar ba caca ba ce. Hanyoyin biyu duk aiki ne cikakke da likitoci suka saba yi, har yankan ma sau da yawa da raga ake rufe shi. Ana so ne a gane wacce ta fi wa mutane sauƙi, shi ya sa ba a barin likita ya zaɓa da son ransa. Ka ɗauki wayarsu, ka je da 'yarka, ka ce a zana maka abin da aka yi a takarda, ka yi tambaya har ka gamsu. In ka ga kumburi mai tauri, ko zazzaɓi, ko amai, kada ka jira ranar da suka sa maka.

Ita kuwa, ta yi kuskure da ta amsa a madadinka, amma tsoron rasa uba ne ya sa ta. Gobe in ta shigo, ka amsa gaisuwar tukuna, sannan ka yi faɗan. Allah ya ƙara lafiya, ya huci zuciyarka, Baba.