Ranar da Muka Roƙa wa Mai Kisa Ruwa

Kai da ka tsinci takardar nan a ƙasan akwatina, ba taka ba ce, ninke ta ka mayar. In kuwa ka nace sai ka karanta, to ka sani ka zama shaida, kuma za a tambaye ka.

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka kabarinka, na san ba za ka karanta wannan ba. Ban zare ba, balle in zaci akwai gidan waya tsakanin Bunkure da inda kake. Amma maganar ta shafi ɗanka da ƙaninka, kuma babu wanda zan kai wa ita a garin nan bai juya mini ƙeya ba.

Yara lafiya lau. Alkama ta yi kyau bana, tumatir kuwa ya yi yawa har yana ruɓewa a bakin titi. Hajiya mahaifiyarka ciwon ƙafa ya matsa mata, kuma ta daina amsa gaisuwata. Dalilin ne ya sa na ɗauki biro.

Talabijin ɗin nan da ka sayo a Kano, mai aiki da batirin mota, wadda na yi ta faɗa a kanta, tana nan. Duk Lahadi bayan la'asar matan unguwa da yara sukan cika tsakar gida, ni kuma ina fassara musu, tunda ni ce na yi sakandare. Ka san tambayarsu ta farko kullum ita ce wane ne jarumi, wane ne bos, don su san wanda za su so da wanda za su zaga.

Lahadin da nake ba ka labari aka sa wani tsohon fim na Turawa. Wani manomi ne mai sanyin murya, mai kyautata wa uwarsa. Ya yi gardama da abokin nomansa, ya buge shi, ya jefa shi a rijiyar gona. Ƙanwarsa ta hango ta yi shiru. Sai damina ta ƙi zuwa. Kullum ruwan rijiyar yana ja baya, kullum manomin yana leƙawa, ga matar mamacin tana zuwa ɗiba da guganta. Babu bindiga, babu gudu. Igiyar guga ce kawai take ƙara tsawo.

Malam, ka san me muka yi? Da hadari ya haɗu a cikin fim ɗin, tsakar gidanka kaf ta ɗauki addu'a. Wata tana cewa Allah ya saukar da ruwan nan, wata tana cewa Allah ya rufa masa asiri. Na ji wata murya ta fi ta kowa ƙarfi, ashe tawa ce. Ni da nake dukan yaro a kan ƙaryar ƙwandala, ga ni ina roƙa wa mai kisan kai ruwa. Babu wadda ta tuna da na cikin rijiyar. An nuna mana gumin mai laifi, an ɓoye mana fuskar gawa, shi ke nan muka bi wanda muke gani. Haka sharri yake shiga gida, ba da ƙaho ba, da fuskar abin tausayi.

Mutum ɗaya ne bai yi addu'ar ba. Abba, babban ɗanmu mai sunan mahaifinka, ya miƙe ya nufi bayan rumbu, na ji yana amai. Na bar fassarar na bi shi. Da ma tun farkon kakar tumatir ba ya cin abincin kirki, na ɗauka shawara ce har ina jiƙa masa magani.

A nan ya gaya mini. Ka san tun da ya gama makaranta yake bin akori-kurar ƙaninka Bala, suna kai tumatir kasuwa. Wata rana da magariba suka ɗauko kaya ta hanyar bakin kanal, babbar magudanar nan ta noman rani, da wani ɗan ƙwadago a saman kwanduna, cikin mutanen nan da fari ya koro daga arewa. Bala yana gudu, mota ta faɗa rami, mutumin ya faɗo ta ka. Bala ya duba gabas da yamma, ya ce in 'yan sanda suka shigo ciki mota ta tafi, gida ya tafi. Ya ja shi ya tura a ruwa. Ya kama kafaɗar Abba ya ce shi ne ubansa yanzu, kuma ɗan halak ba ya tona asirin gida.

Na san da labarin gawar. An tsince ta a ƙofar da ake tare ruwan kanal ɗin, aka ce santsi ne ya kwashe shi wajen alwala. Na ma aika wa matarsa tuwo a bukkarsu. Abin da ban sani ba shi ne wanda Abba ya ƙara, yana kallon ƙasa. Ya ce lokacin da Baffansa yake jan mutumin, hannun mutumin ya motsa. Sunansa Mamman. Abba ne kaɗai ya san sunan, sauran duk Buzu suke ce masa.

Ba zan ce maka abin ya zo mini da sauƙi ba. Bala ne yake nome mana filinmu tun rasuwarka. Shi ya kwana da kai a asibiti. Buhun da ke ɗakina daga motarsa aka sauke shi. Na auna wannan duka, na auna da hannun da ya motsa. Da gari ya waye na sa mayafi, na tasa Abba a gaba har ƙofar dagaci. Ban yi magana a madadinsa ba. Na tsaya a bayansa, inda ba zai iya juyowa ba sai ya haɗa ido da ni.

Yanzu Bala yana tsare, an ce Abba zai maimaita maganar a gaban alƙali. Hajiya ta aiko cewa na rasa ɗan da zan kashe sai nata, kuma boko ne ya cire mini kunya. Ƙannenka mata sun zo sun yi kuka, suka ce da kana raye da an kashe maganar a zaure.

Shin gaskiya suka faɗa, Malam? Wannan ce tambayar da take hana ni sakat, kuma ina tsoron na san amsarta. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, saboda kai mutumin kirki ne, ni kuma ina jin nauyinka. Lokacin da Bala ya fasa kanal ya janye ruwan maƙwabci, kai ka je ka ba da haƙuri. Da ya buge akuyar mutane, kai ka ce ba a ga mai motar ba. Kana kiran wannan zumunci. Kai ka koya masa cewa kome ya yi akwai mai lulluɓe shi. Daga ruwa zuwa akuya, daga akuya zuwa mutum. Ban ce kai ka tura Mamman ba. Amma na so a ce sau ɗaya ka bar ƙaninka ya ji kunya tun tana da amfani.

Ban ga ƙarshen fim ɗin ba. Matan sun ce an kama manomin, kuma sun ji tausayinsa ƙwarai. Na tambaye su ko ƙanwar ce ta yi magana, suka ce sun ga bakinta yana motsi, amma babu mai fassara. Ba su ƙara zuwa kallo ba. Yanzu in na ratsa layi ana jan yara ciki.

Abba ya fara cin abinci. Ba ya mini magana sai gaisuwa, ban kuwa matsa masa ba. Wata ranar zai yafe mini, ko kada ya yafe. Gara ya ƙi ni yana kallon mutane a ido. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada kukan kakarsa ya karya shi kafin ranar shari'a. Saboda haka na hana shi zuwa gidanta, kuma a ranar ni da kaina zan raka shi.

Ka yafe mini zafin maganar. Allah ya ji ƙanka, ya ji ƙan Mamman, ya shiryi Bala tun yana da numfashi.

Jiya na tara yaran kafin a zuba tuwo, na kafa musu doka, ina so ka san da ita tunda gidanka ne. Yunwarmu da tsummanmu da abin kunyar da bai cuci kowa ba, waɗannan za mu rufa. Amma duk wanda ya ga an zalunci wani, ko ɗan'uwansa ne ya yi, ko ni ce, ba zai sa hannu a kwanon gidan nan ba sai ya faɗa.

Matarka da ka bari da tarbiyyarsu,
Binta