Dutsen Niƙanki Ya Haye Ruwa, Mama

Zuwa ga mahaifiyata Mama Asabe, wadda take hutawa a wurin Ubangiji.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu, tare da ban girma irin na ɗa ga uwa. Ni ne Yohanna, ɗanki mai walda. Ina rubuto miki daga tsibirin Boni, can ƙarshen ƙasa, bayan Fatakwal, inda hanyar mota take ƙarewa sai ruwa.

Na san za ki ce me ya kai ni. Aiki ne, Mama. Tun da jirgin ƙasa ya rage shigowa Kafanchan, shagona ya koma wurin hira. Maƙwabcinmu Papa Chinedu, tsohon ma'aikacin reluwe, shi ya ce min ana gina kamfanin gas a nan, ana neman masu hannu. Kin san ban taɓa roƙon aiki ba. Na zo, na ƙona musu ƙarfe sau ɗaya, suka ba ni ɗaki biyu da tsakar gida.

Sai na koma na kwashe gida. Matata Rifkatu da jikokinki suna Kwoi wurin iyayenta har a gama tonon citta, ni na yi gaba da kaya. Gidan kuma na sa wani malamin makaranta a ciki, ya yi alkawarin zai riƙa cire ciyawar kabarinki a bayan ɗaki.

Ranar lodi ne na ga dutsen niƙanki a jingine a bayan kicin. Kin tuna shekarar da na sayo injin niƙa, na kafa a ƙofar gida, duk unguwa suka taru? Kika duba kika ce, "Ka yi ƙoƙari, Yohanna, amma injin yana ƙona riɗi." Da asuba sai ga ƙarar dutsen nan kamar kullum, kina niƙa kina rera waƙar zumuntar mata a hanci. Da wannan ƙara na tashi tun ina yaro har na yi gemu.

Na ce a ɗora shi. Direba ya yi dariya ya ce, "Oga, mutane suna kai citta kudu, kai kana kai dutse!"

Ɗan dutsen kuwa, wanda kike riƙewa ki murza, yana kan kabarinki, inda yayata Saratu ta ajiye shi ranar da muka rufe ki. Na tsaya a kansa, na kasa ɗauka. Na ce a raina, ƙaramin dutse ai ko'ina akwai, in na isa sai in tsinci wani. Mutumin da aka haifa a gindin duwatsun Kagoro, wanda ya girma yana tuntuɓe da dutse a gona, me kuma zai ce?

A bayan motar citta muka tafi. Gwantu, Akwanga, Lafiya, muka haye gadar Makurɗi. Ina zaune a kan buhu ina kallon duwatsu suna raguwa, itatuwa suna ƙaruwa, har Hausa ta ƙare a bakin masu sayar da ayaba. Har yanzu katifata tana ƙanshin citta. Ban shanya ta ba, da gangan.

A tashar jirgin ruwa ta Fatakwal aka sauke ni da kayana a cikin taɓo. Jirgin na katako ne, cike da buhunan garin rogo da kwalaben lemo. Mai jirgin ya zagaya kayana, ya buga dutsen da ƙafa, ya buga ƙofar ƙarfen da na zo da ita, ya ce da Turancin buroka, "Aboki, zaɓi ɗaya. Ni ba zan nutse saboda kai ba."

Kin san ƙofar. Ita ce aikina na farko da na buɗe shago, wadda na lanƙwasa haruffan sunana a samanta. Ita nake nuna wa duk wanda ya tambayi takardar makarantata. Na so in kafa ta a nan don mutanen ruwa su san wane ne ya zo.

Na bar wa wata mai ƙyafa kifi ita. Ta ce za ta yi kyau a kan murhu.

Mama, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mutum huɗu suka ciccibi dutsen, jirgin ya karkata, mata suka yi ihu suna zagina da yarensu. Na zauna a kansa na riƙe gefe biyu. Ruwa babu iyaka, itatuwa tsaye a ciki da saiwoyinsu a waje. Ni da nake cewa ba abin da ke girgiza ni, na yi addu'ar Ubangiji har na rasa inda na tsaya.

Mun iso lafiya. Na ajiye dutsen a bakin ƙofa, na wanke shi, na fita neman ɗan dutse.

Babu, Mama. Tsibirin nan duka babu dutse. Yashi ne da taɓo da ɓawon dodon koɗi. Tsakuwar gini ma a jirgi ake kawo ta, an farfasa ta ƙanana. Na tambayi wani tsoho a coci, ya ce shi bai ga dutsen da ya fi hannunsa ba sai da ya yi tafiya.

Na ce ni Yohanna ne, ba zan rasa dabara ba. Na yanko guntun ƙarfe a wurin aiki, na goge shi sumul daidai tafin hannu. Na zuba riɗin da Rifkatu ta ƙulla min. Ya fito baƙi, yana ɗanɗanon tsatsa. Ƙarar ma ba taki ba ce. Na ji kamar kina tsaye a bayana kina cewa na yi ƙoƙari.

A nan ba wanda ya san sunanki. Ni ma "Aboki" suke kirana, ko "Malam", na gaji da bayanin cewa ni ɗan Kafanchan ne, mai zuwa coci kamar su. Suna da kirki, suna ba ni kifi. Amma in an tashi aiki, ba wanda zai ce min sannu da gajiya da bakin gida.

Rifkatu ta aiko saƙo cewa in ina so, za ta ɗauko ɗan dutsen da ke kan kabarinki in za su taho. Na ce ta bar shi. Naki ne, hannunki ne ya cinye shi har ya yi santsi. In Allah ya kai mu Kirsimeti zan zo, in gangara rafin da kike wanki, in zaɓi wani, in kawo miki ki gani kafin in haye da shi.

Kafin nan dutsen yana nan shiru. Da yamma nakan zauna kusa da shi, in sa tafina a cikin kwarmin da kika yi a tsakiyarsa. Rana tana barinsa da ɗumi.

Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutu a gabansa. Ya tsare jikokinki a hanya da kan ruwa. Ya sa in na gama yawona, a kwantar da ni inda akwai duwatsu, kusa da ke. Amin.

Ni ne ɗanki na bayan ruwa,
Yohanna.