Kalmar da Na Ƙwato daga Bakin Madam

Litinin, 3 ga Maris
Shekara shida ina guga a otal ɗin nan, ko hankici ban taɓa ƙonawa ba. Yau ni aka miƙa wa takardar gargaɗi kan rigar baƙon ɗaki na sha biyu. Madam, shugabar ɗakin wanki, ita ta ƙona ta da hannunta, don kayan manyan baƙi ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta tasa ni gaba har ofishin Manaja tana ta zuba Turanci, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Manaja ba ya jin Hausa. Ya tambaye ni wani abu, na ce “yes sa”. Ashe laifin na amsa! Baba Direba ne ya gaya mini daga baya, yana bakin ƙofa ya ji komai.
Takarda ta biyu kora ce. Ga yara biyu.
Wallahi sai na rama, ko zan shekara ina shiri.

Laraba, 5 ga Maris
Na tare Baba Direba yana wanke motar otal. Ya daɗe yana tuƙa Turawa kafin ya zo nan. Na ce, Baba, koya mini Turanci. Ya yi dariya har da riƙe ciki. “’Yata, kogi ne fa, ta ina za ki shiga?” Na ce ta bakin Madam. Akwai wata kalma da ba ta minti biyar ba ta jefo ta ba: “get”. Da ita take aike, da ita take kora, da ita take zagi.
Ya ce to kin kamo babba, wannan jakar magori ce. Duk wadda na ji in riƙe, in kawo masa lokacin hutun rana.

Asabar, 8 ga Maris
Uku na kai masa. “Get me water”, kawo mini ruwa. “Get up”, tashi. “Get out”, fita. Na ukun tun shekarar farko na san shi, ba sai an fassara mini ba.
A bayan ’yan takardun da muke maƙala wa kaya nake rubutawa, in cusa a aljihu.

Talata, 11 ga Maris
Yau ta tsaya a kaina ina guge rigunan matashin kai, ta buga goshinta da yatsa ta ce, “You don’t get it.” Baba ya ce nufinta ba na ganewa, kaina ba ya ja. Oho! Ashe shekara shida daƙiƙiya ake kirana ina murmushi.
Na ce Baba, kalma ɗaya ta zama kawowa, ta zama ganewa? Ya ce da sauran aiki. Samu ma ita ce, in an ba ka wasiƙa. Isa wuri ma ita ce. Har gajiya, “get tired”. Na ce lallai Turawa sun iya rowa, kalma ɗaya suke ta wa faci.

Alhamis, 13 ga Maris
Yau kunne kawai na kasa wa Madam.

Lahadi, 16 ga Maris
Inna mai ninki ta kama ni ina magana da dutsen guga. Ita ce ta koya mini aikin nan ranar da na zo ban san hagu da dama ba, kuma kullum a kwano ɗaya muke ci a bayan babban inji. Ta ce, “’Yar nan, bar wa Allah mana.” Na ce Inna, Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.
Na gaya mata shirina. Ranar taron ma’aikata Madam ce ke fassara mana, mu faɗi goma ta juya biyu, biyun ma a karkace. Wannan karon da bakina zan yi. In an kore ta kuma, ni zan riƙe mata ƙofa in ce mata “get out”, a hankali, yadda kowa zai ji.
Inna ta ce gwiwoyinta sun dame ta, ta sauya zance.

Juma’a, 21 ga Maris
Baba ya sa na maimaita jimlolin har sau ashirin. Abin da ya riga ya wuce “got” ake cewa, ni kuma sai harshena ya zame. Ya ce kada in yi ado, kada in yi kuka, in faɗa in yi shiru. Kuka? Ni? Ta ci kanta.

Litinin, 31 ga Maris
Yau ce.
An taru a ɗakin cin abincin ma’aikata. Manaja ya tambaya ko akwai mai magana, Madam ta buɗe baki za ta ce babu, kamar kullum. Na miƙe. Na dafa tebur. Na ce, “Sir, I did not get the shirt. Madam got it. Ask the desk.” Wato rigar ba ta taɓa zuwa hannuna ba, ita ta karɓa, a tambayi masu karɓar baƙi.
Madam ta yi wata ’yar dariya, ta fara yi wa Manaja bayani da sauri-sauri, na ji “she doesn’t get” a ciki. Na juya na dube ta ido cikin ido. “I get it, Madam.” Na gane.
Aka kira mai karɓar baƙi. Ta ce ƙwarai, a hannun Madam ta danƙa rigar, ta ma ce mata a kula da kwalar. Manaja ya karɓi takardata ya yage ta gida biyu a gaban kowa.
Rana dubu ta ɓarawo! Na ga fuskar Madam ta yi fari fat, kuma na ji daɗi. Ba zan yi wa littafina ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina.

Alhamis, 3 ga Afrilu
An sallami Madam, ta tafi jiya, ranar hutuna. Ta ƙofar gaba ma, in ji Baba, da jakarta a kafaɗa. Ban samu na faɗa mata “get out” ɗin ba. Wata guda ina wasa kalmar nan, ga ta nan a maƙogwarona, ta ƙi wucewa.

Talata, 8 ga Afrilu
Manaja ya ba ni makullan ɗakin wanki. Wai tunda ina jin Turanci. Na amsa masa, kuma wannan karon na san abin da na amsa.
Makullan da nauyi. Suna ƙara in ina tafiya, tun daga nesa ake gyara tsayuwa.

Asabar, 12 ga Afrilu
Aiki ya yi yawa, a ofis na ci abinci. Baba ya leƙo ya ce kwana biyu ba a kawo masa sabuwar kalma ba. Na ce ai na ƙoshi.

Laraba, 16 ga Afrilu
Baƙi arba’in za su sauka da yamma, tawul ko rabi ba a ninke ba, Manaja ya kira ni sau biyu. Na shigo na tarar Inna zaune kan ƙunshin zannuwan gado tana murza gwiwa. Ban san lokacin da kalmar ta fito daga bakina ba. “Get up!” Da ƙarfi, tas, ko Baba ba zai sami abin gyarawa ba. Masu guga duk suka sunkuyar da kai.
Inna ta dafa bango ta miƙe a hankali. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Ranki ya daɗe, ko da Hausa kika faɗa ai zan tashi.”
Ranki ya daɗe. Ni.
To me na yi? Aiki ne, dole wani ya faɗa. Tawul dai an gama su kan lokaci, Manaja har ya yaba.
Gobe zan sa a kai kujera wajen teburin ninki. Don aikin ya yi sauri ne kawai. Zan aiki wani ya kai, ni ina da abin yi a sama.